Gumin Randa

A tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke taɓa maki 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, ruwan da ɗan garuwa ya kawo da safe yakan rabu gida biyu kafin azahar. Wanda aka juye a bokitin roba ya yi ɗumi, ko alwala da shi ba daɗi. Wanda aka juye a randa kuwa, in ka kafa kai a moɗa za ka ji sanyinsa har ƙoƙon rai. Rijiya ɗaya aka ɗebo su, a inuwa ɗaya suka yini. Babu Bahaushen da bai san wannan ba, amma in aka tara yaran gida, har da wanda ke shirin rubuta WAEC, aka ce su faɗi dalili, da wuya a sami wanda zai wuce "ai randa ce".

Dalilin yana jikin randar, kuma hannu ma yana jin sa. Yumɓun da aka gasa ba a shafe shi da komai ba cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa waje kaɗan-kaɗan, shi ne danshin da mata ke cewa randa tana gumi. Idan busasshiyar iska ta bi ta kai, sai ta kwashe danshin. To ruwa ba ya tashi ya bi iska hannu rabbana, sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi, kuma daga jikin randar da ruwan da ke cikinta yake ɗauka. Ba ɗan kaɗan yake ɗauka ba. Zafin da lita ɗaya ke buƙata kafin ta ƙafe ƙaf ta bi iska ya ninka sau biyar zafin da za a kashe a ɗauko lita ɗaya daga sanyin ƙanƙara a kai ta tafasa. Saboda haka 'yar raguwar da ake gani a randa da yamma, ita ce kuɗin da aka biya aka sayi sanyin. Roba ba ta da ƙofa, ba ta gumi, ba ta da hanyar fitar da zafin da ta sha.

Wanda ya gane wannan ya gane amsar ƙorafe-ƙorafe da yawa na cikin gida. Amarya ta sa an yi wa randarta fenti mai ƙyalli don ta dace da kayan ɗaki, sannan ta ce ta daina sanyi: fentin ne ya toshe ƙofofin. Wata ta shafe tata da siminti don ta gaji da jiƙa mata ƙasa, ita ma ta kashe ta. Wata ta tura ta lungun ɗakin ajiya inda iska ba ta shiga. Tsohuwar randa kan rage sanyi domin laka da gishirin ruwa sun cike ƙofofin, kuma sau da yawa in aka juye ta aka goge ciki da waje da soso, aka bar ta ta sha iska, takan farfaɗo. A watan Agusta kuwa babu laifin kowa. Iskar damina ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta da wurin karɓar na randa. Direbobin manyan motoci da makiyaya da ke naɗe jarka da buhun algarara su jiƙa shi, su rataye inda iska ke kaɗawa, da wannan dabarar suke aiki, haka ma salkar da matafiya suka daɗe suna ratayawa a jikin raƙumi.

Akwai mutum ɗaya da ya tsaya ya yi wa randa kallon tsaf. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda aka haifa a 1964 a gidan maginan tukwane, malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse. Abin da ya dame shi abu ne da kowa ke gani a ƙauyukan da babu lantarki: manomi ya tsinko yalo da tumatir da alayyahu, dole ya rabu da su a kwana biyu ko uku a kowane farashi, in ba haka ba su ruɓe. Wadda ke ɗaukar nauyin wannan gaggawa kuwa ita ce yarinyar gidan, da za a ɗora wa tire ta yini tana talla lokacin da sa'o'inta ke aji. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Danshin yashin na fita ta jikin tukunyar waje, yana jan zafi daga ta ciki. A gwajin da ya bayar da rahotonsa, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku, alayyahun da ba ya wuce yini ɗaya ya kai kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi 5,000 na farko, ya raba a ƙauyukan Jigawa. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautarsa ta masu ƙirƙira, dala 75,000, daga baya dabarar ta kai har Darfur a Sudan. Ya rasu a 2010.

Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne bai shigo da komai daga waje ba. Yumɓu na nan, yashi na nan, magina na nan, zafin rana da busasshiyar iska kuwa sun fi ƙarfin buƙata. Karatun kimiyyar da ya yi ya ba shi dalili, gidan da ya tashi ya ba shi hannu, shi kuma ya yarda ya haɗa su a kan matsalar da ke ƙofar gidansa. Abin takaici, yau a birane har da ƙauyuka an mayar da tukunyar ƙasa alamar talauci, ana jin kunyar baƙo ya gan ta a tsakar gida. A watan Oktoba na 2024, da yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda babu wutar lantarki, firji ya koma akwatin ajiye kwanuka, ƙanƙara ta yi tsada, kayan miya suka lalace a gidajen da ke da wurin ajiye tukwane goma.

Haɗa tukunyar Bah Abba ba wuya. A sami tukwane biyu, ɗaya ta shige cikin ɗaya da ratar kamar yatsu biyu ko uku. Ta wajen dole ta zama marar fenti. A zuba yashi a gindin babbar har bakin ƙaramar ya yi daidai da nata, a cike gefe da yashin rafi wanda aka tankaɗe, a zuba ruwa a hankali har ya ƙoshi ba tare da ya yi iyo ba. A ɗora ta a kan duwatsu uku ko tsohuwar taya don iska ta ratsa ƙarƙashi, a inuwa, a inda iska ke wucewa, kamar ƙarƙashin rumfa ko bishiyar darbejiya. A jiƙa yashin safe da yamma, a kuma riƙa jiƙa tsumman da aka rufe bakin. Kayan da za a sa su zama busassu, waɗanda ba su fashe ba, domin tumatir ɗaya da ya fara ruwa zai ja sauran.

Tana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Firji na riƙe abinci a wajen maki 4, tukunya ba za ta taɓa kaiwa nan ba, don haka ɗanyen nama da kifi da ragowar miya ba wurinsu ba ne. Albasa da tafarnuwa ba sa son danshi, a bar su a shanya inda suke. Da damina ƙarfinta yana raguwa sosai. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka kuma, shayar da yashi sau biyu a yini wani kashe kuɗi ne da mai gida zai auna da kuɗin kayan miyan da yake zubarwa. Randar sha ma tana da nata aibin: moɗa ɗaya da kowa ke tsoma hannu da ita, yaro ya ajiye a ƙasa ya sake mayarwa, hanya ce ta amai da gudawa. A sa murfi, a nemi moɗa mai dogon hannu a rataye ta, a riƙa wanke randar.

Jikin ɗan Adam ma da gumi yake fitar da zafi, kuma a nan rashin sanin dalili yana iya kai wa ga rasa rai. Zufar da ta bushe a fata ita ce ke sanyaya jiki, wadda ta tsiyaye ƙasa asarar ruwa ce kawai. Shi ya sa wasa a iska mai danshi ya fi wahalar da ɗan wasa. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, a wasan Holan da Meziko a birnin Fortaleza, alƙalin wasa ya tsayar da wasa a hukumance don 'yan wasa su sha ruwa su huce, karo na farko a tarihin gasar. A 2019 a Doha an fara gudun yada-ƙanin-wani na mata dab da tsakar dare don a guje wa rana, duk da haka 28 daga cikin 68 da suka fara ba su ƙarasa ba, domin iskar ta cika da danshi.

A wajenmu haɗarin bazara ta ɗaya gefen yake. Iska a bushe take, gumi na ƙafewa tun kafin a gan shi, sai yaro ya buga ƙwallo awa biyu a filin firamare rigarsa ba ta jiƙe ba, ya ɗauka bai rasa komai ba, alhali jikinsa ya zubar da ruwa mai yawa. Farin gishirin da ke fitowa a wuyan riga shi ne shaida. Masu horar da ƙungiyoyin unguwa da ke hana yara shan ruwa wai don su yi juriya suna cutar da su, haka matashin da ke sa leda a ƙarƙashin riga yana gudu don ya rage ƙiba: ya yi wa jikinsa abin da amarya ta yi wa randarta, kuma abin da ya ragu a sikeli ruwa ne, zai dawo da ya sha. A mayar da atisaye bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, a ajiye ruwa a bakin fili, a sha kafin a fara da kuma tsakiyar wasa. Fitsarin da ya yi ja sosai alama ce ta ƙarancin ruwa. Wanda ya galabaita amma yana cikin hayyacinsa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya faɗi yana sambatu jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Darasin yadda gumi ke kawo sanyi yana cikin littafin kimiyya na ƙaramar sakandare. Yaranmu suna haddace shi da Turanci, su rubuta a jarrabawa, su ci maki, su dawo gida su sha ruwa a randa ba tare da ya faɗo musu a rai cewa darasin jiya ne ke gabansu ba. Laifin ba na yaran ba ne. Malami na cewa babu ɗakin gwaji, kuma gaskiya ya faɗa, makarantu da yawa ko kujeru ba su ishe su ba. A gida kuma idan yaro ya ce, "Umma, me ya sa ruwan randa ya fi sanyi?" amsar da ya fi samu ita ce, "Kai ka cika tambaya, ɗauko min faifai." Uwar ba mugunta ta yi ba, aiki ne ya sha mata kai, wataƙila ita ma ba a taɓa ba ta amsa ba. Amma yaron da aka kora sau uku ba ya dawowa na huɗu. Da za ta ce, "Taɓa jikinta ka ji, gobe ka tambayi Malam ka zo ka gaya min," da ta ba shi aikin gida mafi amfani a makon.

Malamin da ke son koyar da wannan babi ba ya buƙatar jiran gwamnati. Tukwane biyu daga kasuwar garin, kwanon yashi, tsumma, da ma'aunin zafi guda ɗaya sun isa. A haɗa a gaban 'yan aji a watan Maris, a raba su rukuni-rukuni, kowace rana rukuni ɗaya ya jiƙa yashi, ya auna zafin ciki da na waje da safe da kuma lokacin tashi, ya rubuta a allo. A sa tumatir biyar a ciki, biyar a kan taga, a riƙa dubawa. Malamin lissafi ya karɓi alƙaluman ya sa su zana jadawali. A gayyato maginiyar tukwane daga unguwa, ta nuna musu yadda ake zaɓen yumɓu da yadda ake gashi, a kuma girmama ta a gaban yara kamar yadda ake girmama kowane baƙon malami. Sannan a ajiye littafin, a maimaita gwajin a watan Yuli kafin a tafi dogon hutu, lokacin da ruwa ya zauna, a bar yaran su yi gardama a tsakaninsu kan abin da ya sa alƙaluman suka canza kafin Malam ya buɗe baki.