Darasi na 14: Gonar Bo'aza da Jarin Mai Bi

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-10, Rut 2:1-17, 1 Timoti 6:17-19.

Shari'ar Musa ta hana mai gona ya girbe gefen gonarsa, ta kuma hana shi komawa ya yi kala, gama wannan rabon matalauci ne da baƙo. Bo'aza ya yi fiye da abin da shari'a ta nema. Ya umarci masu girbinsa su riƙa zare zangarniya daga dammuna, su bar wa Rut. Ita kuwa ta yi kala har yamma, ta sami wajen efa guda na sha'ir da guminta. Ta ƙoshi, mutuncinta bai zube ba, gonar kuma tana nan domin baɗi.

Sadaka tana kashe yunwar yini guda, wajibi ce kuwa. Amma jarin da aka sa domin mutane su sami aiki yana ciyar da gida shekara da shekaru. A Ingila, George Cadbury, mai masana'antar cakulan, ya gina gidaje masu lambu a Bournville. A shekara ta 1900 ya danƙa su ga amintattu, domin kuɗin haya ya koma ga gyaran ƙauyen.

'Yan'uwa, dukiya amana ce. Ubangiji zai tambaye mu lissafinta.

Tambayoyi:
1. Me ya sa Bo'aza ya bar Rut ta yi kala da hannunta?
2. Ina gefen gonar ɗan kasuwa ko mai albashi?
3. Wace gwauruwa ce a ikilisiyarmu za ta tsaya da ƙafarta in ta sami jari?

Aya ta haddacewa: 1 Timoti 6:18.