Wa Ke Da Ikon Ƙafar Tsohuwa?

Bara da hutun damina na yi jinyar kakata a wani asibiti. Gigin tsufa ya kama ta, har takan kira ni da sunan mahaifina. Ciwon sukari kuma ya ci mata ƙafa, likita ya ce sai an yanke. Da ya kawo takardar sa hannu, baffana ya miƙa wa. Ita kuwa ko kallonta bai yi ba, alhali tana kwance tana cewa ba ta so.

Tun ran nan abin ke ci mini tuwo a ƙwarya: idan hankalin tsoho ya raunana, wa ke da ikon jikinsa?

Binciken amsa ya kai ni ga wata doka da aka kafa a Ingila a 2005, ta fara aiki a 2007. A dokar, kowane baligi mai hankali ne sai an tabbatar da akasin haka. Ba a kuma yi masa hukuncin kuɗin goro, watau kowace shawara da awonta, da lokacinta. Likita zai duba, shin tsohon ya fahimci bayanin? Ya riƙe shi, ya auna, ya faɗi zaɓinsa? Zaɓin da likita ke gani wauta ne bai isa hujjar rashin hankali ba. In kuwa tsohon ya kasa, ɗansa ba ya sa hannu a madadinsa sai in yana da wakilci na doka. Likita ne zai yanke abin da ya fi masa alheri, bayan ya tuntuɓi dangi a kan aƙidarsa da abin da yakan faɗa yana da lafiya.

Da farko na ce wannan ai raina zumunci ne. Amma da na natsu sai na ga dangi shaidu ne a kan tsohon, jikin kuwa nasa ne. Baffa don ƙauna ya sa hannu, wataƙila ma ya ceci ranta. Sai dai Hajiya takan dawo hayyacinta da hantsi, takardar kuwa da la'asar aka kawo ta, lokacin da gigin ya fi tsananta. Ba wanda ya ce a jira gari ya waye, har da ni.

An yi aikin, ta warke. Kusan kullum da safe takan yaye zane ta tambaye ni wanda ya ba da izini.