Idon Maƙwabci a Cikin Aji

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa hanya ɗaya ce, babbar hanyar ƙasa wadda ta bi ta gefen Maradi, ta ratsa Cadawa da Agye. Makarantun da ke bakin kwalta ba su da wuyar kaiwa ga sufeto ko mai ba da shawara kan koyarwa. Na cikin ƙauyuka kuwa, inda sai babur ya sha rairayi, malami kan daɗe bai ga wanda ya shigo ajinsa ya zauna ya saurari darasi ba. Wannan giɓi ne ya sa ake maganar makarantu su riƙa duba junansu: malaman wannan su je waccan su yini, su ga yadda ake koyarwa, su faɗi abin da suka gani, wata rana su ma a zo musu. A takarda abin ba shi da wuya. Wuyarsa tana cikin ɗabi'a: shin mutum na iya gaya wa abokin aikinsa gaskiya, su kuma wanye lafiya?

Tambayar ba ta nishaɗi ba ce. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yaran da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka iya karatu gwargwadon yadda ake buƙata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Na 2019 ya nuna ci gaba, amma har a lokacin mafi yawansu ba su kai ba. Tsakanin binciken biyu, a 2017, ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki, aka kuma soke kwantaragin dubbai. Jarrabawar ta tono wata gaskiya mai ɗaci. Ta kuma bar wa malamai wani darasi da ba a rubuta a allo ba, wato duk wanda ya zo auna ka, abincin iyalinka ya zo aunawa.

Ba yau ne malaman ƙasar nan suka fara zama da juna kan aikinsu ba. Tsarin CAPED yana haɗa malaman makarantun da ke kusa da juna, ɗaya ya gabatar da darasi, saura su tattauna a kansa. Wanda ya saba da irin wannan zama ya san yadda yakan kaya. Sau da yawa a yaba wa mai darasi, a ce ya yi ƙoƙari, a ɗan taɓa rubutunsa na allo don kada a ce ba a ce komai ba, a watse. Wani lokacin kuma a samu mai son nuna iyawa ya tsige ɗan'uwansa a gaban jama'a kan kuskuren Faransanci guda. A duka biyun yaro bai ƙaru da komai ba.

Mai saurin hukunci zai ce na farkon munafunci ne. Ni ban ce haka ba. Kara ce, kuma kara ba ƙaramar dukiya ba ce. Ita ke sa mutanen da suke sallah a sahu ɗaya, suke haɗuwa wurin suna da jana'iza, su iya zama tare shekara da shekaru. Saurayin da aka ɗauka aiki bara ba zai buɗe baki ya gyara wa dattijon da ya koyar da yayansa ba, kuma kunyar da ta hana shi tarbiyya ce. Sai dai kowace kara akwai wanda ke biyan kuɗinta. A nan mai biya shi ne yaron ajin CP da ke maimaita abin da ke allo da ka, bai san wane harafi yake nunawa ba. Ba ya wurin taron, ba a tambaye shi ba, kuma zai kai CM2 da wannan rami. An yi wa babba alheri daga aljihun ƙarami.

Rufin asiri da muke taƙama da shi yana nufin a rufe aibin mutum daga idon kasuwa. Bai taɓa nufin a ɓoye wa mutum aibinsa ba. Tsangaya ta fi makarantar boko gane wannan bambanci. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yakan miƙa shi ga ƴan'uwansa alarammomi su bi shi shafi bayan shafi, su nemo wasalin da ya kauce ko ɗigon da ya ɓace. Ba ya jin an ƙasƙanta shi, domin dukansu sun yarda akwai abin da ya fi girman kowannensu, kuma wanda ya duba yau gobe nasa za a duba. Juyin nan shi ne sirrin abin. Sufeto yana dubawa, ba a duba shi. Maƙwabci kuwa ya san ranar tasa na tafe, don haka zai tauna magana kafin ya furta ta.

Daga nan sharaɗi mafi nauyi ya fito: abin da maƙwabta suka gani kada ya shiga takardar da za a hukunta malami da ita. Ranar da rahotonsu ya zama sanda a hannun ofis, kowa zai koma wasan kwaikwayo. Za a shirya darasin baƙi tun mako guda, a zaunar da yara masu ƙoƙari a gaba, a ce wa masu rauni su huta a gida. Ingila, da duk arzikinta, ta ɗanɗana illar awo mai tsoratarwa. Bayan wata shugabar makaranta ta kashe kanta a 2023 sakamakon hukuncin hukumar Ofsted, gwamnati ta daina taƙaita darajar makarantunta da kalma ɗaya a 2024.

Za a ce, to in baƙi suka tarar da malamin da ya yi wata biyu bai shiga aji ba, ko mai dukan yara har ya ji musu rauni, su ma a rufa musu asiri? A'a. Rashin iyawa daban, cin amana daban. Wanda bai iya koyar da haɗa baƙaƙe ba taimako yake buƙata, kuma maganarsa ta tsaya tsakanin malamai. Wanda ya ci amanar yara kuwa, maganarsa ta darakta ce da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, tun da iyaye na cikinsa. Dole a faɗi wannan iyaka tun kafin ziyarar farko, don kada wani ya ce an yaudare shi.

Akwai kuma dabarar da ke rage wa kara nauyi, ita ce a juya ido daga malami zuwa yara. A Japan, inda malamai suka fi ƙarni suna nazarin darasi tare, masu kallo sukan fi lura da abin da ɗalibi ya rubuta da inda ya cije. A nan ma baƙi za su iya ɗaukar yara goma da ƙuri'a, su ba kowane layi uku ya karanta, da Faransanci ko da Hausa. In bakwai suka kasa, babu wanda ya zagi kowa. Ƙaramin malami na iya ce wa dattijo: "Malam, yaran nan a nan suke tsayawa, nawa ma haka suke yi, yaya za mu yi?" Ladabi bai zube ba, gaskiya kuma ta fito.

A ganina bai kamata masu duba juna su zama na gari ɗaya ba, domin zumunta da tsohuwar gaba duk suna lanƙwasa ido. Makarantar Cadawa ta yi ƙawance da ta ƙasar Gazawa ko ta Gidan Rumji: nisan ya isa ya sa a faɗi gaskiya, bai kuma kai ya sa baƙo ya jahilci halin da ake ciki ba. Ya san ajin zana da ba ya tsayuwa sai an gama girbi, ya san yaran da kasuwa ke ɗaukewa ranar cinta. Abin da ya rage shi ne kuɗin man babur da abincin rana, kuma malamin kwantaragi ba zai fitar da su daga albashinsa ba. Ƙungiyoyin iyaye da na raya al'adu za su iya ɗaukar nauyin ziyara biyu a shekara, ɗaya bayan girbi, ɗaya kafin zafin bazara ya tsananta.