Fuskar da Ake Yi wa Murya

Asalin aikin bangon littafi shi ne kare takarda daga ƙura da danshi da hannun yara. Littafin da ake saurare kuwa ba shi da takarda, ba shi da ɗinki, babu abin da gara za ta ci a jikinsa. Duk da haka ana yi masa bango: ɗan hoto mai kusurwa huɗu da yake bayyana a fuskar waya kafin mutum ya danna ya fara ji. Tunda ba ya kare komai, aiki ɗaya ya rage masa, wato magana. Shi ne yake fara faɗin wani abu game da littafin tun kafin mai karantawa ya buɗe baki. Tambayata ita ce: wanda ya zana wannan bango kyauta, ba a biya shi ko tamma ba, akwai wani haƙƙi a wuyansa, ko kuwa kyautar da ya yi ta wanke shi?

Wurin da ya fi dacewa a duba wannan tambaya shi ne LibriVox. Wani ɗan ƙasar Kanada mai suna Hugh McGuire ne ya kafa shi a birnin Montiriyal a shekarar 2005, da nufin a karanta tsofaffin littattafan da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a naɗi muryoyin, a saka a intanet kowa ya ɗauka. Littafin da suka fara da shi na Joseph Conrad ne, The Secret Agent. Akasarin rubutun daga rumbun Project Gutenberg suke samo shi, sautin kuma a Internet Archive ake ajiye shi. Zuwa shekarar 2016 ayyukan da suka kammala sun kai dubu 10. Aikin gayya ne sosai: wani ya karanta babi, wani ya saurara ya nuna inda aka yi tuntuɓen harshe, wani ya haɗa kan masu karatun, can daga ƙarshe wani ya zo ya yi bango. Babu mai karɓar albashi a cikinsu, kuma duk abin da suka yi sun sallama shi ga jama'a, har wanda ya ga dama yana iya kwafa ya sayar ba tare da ya nemi izininsu ba.

Wannan sallamawa ita ce ta ɗaure hannun mai yin bango. Tunda bangon ma zai zama na kowa, ba zai yiwu ya ɗauko hoton da yake da mai shi ba. Dole ya koma ga abin da doka ta saki. A Amurka abin da aka wallafa a wancan zamani sai ya cika shekara 95 kafin ya kuɓuta, shi ya sa ayyukan 1928 ba su zama na kowa ba sai ranar 1 ga Janairun 2024. Saboda haka kasuwar mai aikin sa-kai ita ce tsofaffin zane-zane da hotunan da manyan gidajen adana kayan tarihi suka buɗe. Gidan Metropolitan na birnin New York, alal misali, ya saki hotuna kusan dubu 375 a shekarar 2017. Dukiya ce mai yawa. Sai dai kowane hoto a cikinta da idon wani aka ɗauke shi, kuma idon yana nan a jikinsa ko da mai idon ya shekara ɗari a kabari.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Galibi muna faɗin haka ne don yabon gani, amma a sha'anin littafin sauraro karin maganar gargaɗi ce. Daɗin sauraro shi ne mai ji da kansa yake gina fuskokin mutanen labari, kamar yadda yaro yake gina Gizo da Ƙoƙi a ransa ba tare da an taɓa nuna masa su ba. Da zarar an sa masa hoto a gaba, an karɓe wannan aiki daga hannunsa. Dubi abin da ya sami littafin Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818. Halittar da ke cikin littafin tana da dogon baƙin gashi, ta koyi magana da karatu, tana kafa hujja mai ratsa zuciya a kan wanda ya ƙera ta ya gudu ya bar ta. Amma tun da fim ɗin 1931 ya fito da Boris Karloff da shafaffen kai da ƙarafa a wuya, yana gurnani ba ya magana, wannan fuska ta danne ta littafin a zukatan mutane. Mai sauraron da ya shiga labarin da wannan hoto a kansa zai daɗe bai ji kukan halittar ba, dodo yake jira. Abin dariya a nan shi ne doka ta taimaki mai aikin sa-kai ba da niyya ba: hoton fim ɗin yana da masu shi, amma zanen Theodor von Holst da ke gaban bugun 1831, wanda ya fi kusa da abin da marubuciyar ta rubuta, na kowa ne.

Wannan ɓarna ce ga labarin da aka ƙirƙira, kuma da sauƙi. Ta fi nauyi idan mai littafin mutum ne da ya rayu, ya kuma zaɓi yadda yake son a gan shi. Olaudah Equiano ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, aka sace shi yana yaro aka sayar, ya fanshi kansa a 1766 da fam 40, ya wallafa tarihin rayuwarsa a Landan a 1789. A shafin farko ya sa hotonsa, sanye da tufafin mutumin kirki na zamaninsa, riƙe da Baibul a buɗe, yana kallon mai karatu ido cikin ido. Ga mutumin da aka taɓa yi wa kuɗi kamar akuya, wannan hoto wani ɓangare ne na hujjarsa. To amma akwai wani zane mai launi a gidan kayan tarihi na garin Exeter a Ingila, na wani baƙar fata sanye da jar riga, wanda aka daɗe ana cewa Equiano ne, har ya hau bangon littattafai. Daga baya masu bincike suka nuna ba shi ba ne, wasu ma suna ganin Ignatius Sancho ne.

Ka sa kanka a matsayin mai yin bango da yake zaune da daddare bayan ya taso daga aikin da yake ci da shi. Ga hotuna biyu a gabansa. Ɗaya baƙi da fari ne, layukansa sun tsufa, idan aka ƙanƙanta shi a waya ba ya ɗaukar ido. Ɗayan ja ne mai sheƙi, duk wanda ya gani zai tsaya. Dukansu doka ta halatta. Babu edita a kansa, babu wanda zai rage masa albashi. Idan ya ɗauki mai kyan, ƙila mutane da yawa su saurari littafin, wanda kuma alheri ne. Amma ya ɗora wa mutum fuskar wani, kuma mutumin da ya sha wahala kafin ya mallaki sunansa da fuskarsa. A ganina babu yawan masu sauraro da zai biya wannan. Equiano ya rasu tun 1797, ba zai kai ƙara ba, rashin mai kai ƙarar kuwa shi ne ya mayar da abin amana.

Mu da muke wannan yanki abin ya fi shafar mu, domin tsofaffin hotunan Afirka ta Yamma da doka ta saki yawancinsu ba mu muka ɗauka ba. François-Edmond Fortier, Bafaranshen da ya zauna a Dakar, ya buga dubban katunan hoto a farkon ƙarni na 20, ya yi yawo har Tambutu. A cikinsu akwai kasuwanni da masallatai da jiragen ruwa, waɗanda masu tarihi suke amfana da su har yau. Akwai kuma ɗimbin hotunan ƴan mata da aka tsayar ƙirji a buɗe, ba suna, sai sunan ƙabila a ƙasa, ana aika wa abokai a Faransa. Mai aikin sa-kai a wata ƙasa mai nisa da aka ba shi littafin tafiye-tafiye a Afirka ya yi wa bango, idan ya bincika, irin waɗannan ne za su fara fito masa. Zuciyarsa fari tas, bai nufi kowa da sharri ba. Amma yarinyar da ke cikin hoton kakar wani ce. Wa'adin da ya ƙare na mai ɗaukar hoton ne. Ita ba a taɓa tambayarta ba balle a ce nata wa'adin ya ƙare.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da ƙarfi. Ba a raina kyauta. LibriVox ya girma ne saboda bai sa wa kowa jarrabawa ba: ba a tantance murya, ba a kori mai karin harshen wata ƙasa ba, wanda duk ya iya naɗar sauti mai fita yana da wuri. Da an ce sai gwani, da littattafan ba su kai ko ɗari ba. Idan yanzu aka ce wa mai yin bango sai ya zama masanin tarihi kafin ya zaɓi hoto, zai ajiye aikin ya tafi, littafin ya fita tsirara. Wanda ya zauna yana sukar aikin gayya daga inuwa, bai riƙe fartanya ba, ya kamata ya ji kunya.

Na yarda da rabin wannan. Kyauta tana ɗauke wa mutum nauyin gwaninta. Bangon da haruffansa suka karkace, ko launinsa bai dace ba, babu wanda ya isa ya tuhumi mai shi, sai godiya. Abin da kyauta ba ta ɗaukewa shi ne nauyin gaskiya. Wanda ya zo gayya ya yi noma a hankali, kunyarsa ɗaya ta wasu uku, an gode masa. Wanda ya zo gayya ya sare gero ya bar ciyawa, ba za a ce ai kyauta ya yi ba. Kuma gaskiyar da ake nema a nan ba ta da tsada. Minti kaɗan ne mutum ya karanta bayanin da gidan kayan tarihi ya rubuta a ƙarƙashin hoto, ya ga wane ne a ciki, wa ya ɗauka, a wace shekara. Ya saurari ko da babi biyu na littafin kafin ya yi masa fuska. Ni har ina ganin mai aikin sa-kai ya fi ma'aikacin kamfani ikon yin daidai, domin shi babu mai tsaye a kansa yana cewa a sa abin da zai sayu.

Wannan magana ba ta Turai kaɗai ba ce. Littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube da waɗanda ake turawa a WhatsApp su ma suna da bango, kuma sau da yawa wani ƙane ko aboki ne yake haɗa shi a waya kyauta. Kowa ya san yadda ake yi: a shiga intanet a kwaso hoton wata kyakkyawa, ƴar fim ko amaryar da aka ɗauka ranar bikinta, a rubuta sunan labari a kai. Idan labarin na kishiya mai asiri ne ko na matar da ta ci amanar miji, fuskar wannan baiwar Allah ce za ta yi ta yawo da sunan. A nan ma ba a kai ga uzurin mai Fortier ba, domin mai hoton tana raye, tana da miji da surukai, kuma hoton ma doka ba ta sake shi ba. Wanda ya haɗa bangon zai ce taimako ya yi wa marubuciya. Gaskiya ne, amma da mutuncin wata ya yi taimakon.

Wani zai tambaya, to me za a sa? Bango ba dole sai da fuska ba. Alarammomin da suke rubuta Alƙur'ani da hannu a ƙasar Hausa da Barno sun daɗe suna ƙawata shafi da zayyana, ja da rawaya da baƙi, babu siffar kowa, kuma babu mai cewa aikinsu ya rasa kyau. Taswira tana iya zama bango, haka hoton shafin farko na tsohon bugu, ko wani abu guda daga cikin labarin, fitila ko jirgin ruwa ko ƙofar gari. Irin wannan bango yana nuna hanya, ya bar wa kunne sauran aikin.

Akwai kuma mai sauraron da duk wannan bai shafe shi kai tsaye ba. Tun a 1878 Thomas Edison ya lissafa karanta wa makafi littafi a cikin amfanin na'urarsa ta naɗar sauti, kuma a shekarun 1930 aka fara yi musu littattafan faifai a Amurka da Ingila. Su ne asalin masu wannan fanni, kuma su ne bango bai taɓa yaudara ba. Equiano da suke ji shi ne wanda ya rubuta kansa. Sai dai sau da yawa wani mai ido ne yake zaɓar musu abin da za a saka a waya, ɗa ko jika ko maƙwabci, shi kuma da ɗan hoton nan yake yanke hukuncin wanda zai sauke da wanda zai wuce.