Sadaka Ce Ko Biyan Ɓarna?

  

Ya ƴan'uwa Musulmi, kowane manomin Adar ya san hukuncin dabbar da ta faɗa gona. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ɗora ɓarnar dare a kan mai dabba, ko ya yi nufi ko bai yi ba. In kuwa ya kawo damman hatsi ya biya, babu mai ce masa ya yi sadaka.

To, masana sun tabbatar cewa hayaƙin gawayi da man fetur da ƙasashe masu masana'antu suka daɗe suna ƙonawa shi ya ɗumama duniya. Zafi ya ƙaru, damina ta rikice, bana fari, baɗi ambaliya irin ta 2024. Rabon Nijar cikin wannan hayaƙi bai taka kara ya karya ba. A taron Kofanhagan na 2009 waɗannan ƙasashe suka yi alkawarin dala miliyar 100 kowace shekara zuwa 2020, amma ko da lissafinsu sai 2022 aka cika. A Baku, cikin 2024, suka ɗaga zuwa miliyar 300 nan da 2035. Abin takaici, mafi yawan abin da gwamnatocinsu suka bayar rance ne. Ashe makiyayin da shanunsa suka cinye gonarka shi ne zai ranta maka iri, har ya ɗora ruwa a kai?

Amma hujjar nan in ta kama su, mu ma ba ta sake mu ba. Idan biyan ɓarna ne, to dukiyar tana da mai ita, kuma ba shi ne wanda ya hau jirgi ya tafi taro ba. Wannan wakili ne, wakili kuwa amana ya ɗauka. Mai haƙƙi shi ne manomin Bambeye da gonarsa ta koma fako, da matar da ke sammako neman ruwa. A Marrakesh, cikin 2016, an ba Nijar shugabancin hukumar yanayi ta ƙasashen Sahel. Girma ne, amma nauyinsa ya fi girmansa.

Mun kuwa ga abin da kuɗi ke yi idan sun sauka ƙasa. A Kaita, tun 1984, da kuɗin Italiya, mata suka yi ta dakon duwatsu a ka, ana sallamarsu da abinci, har tuddan da suka bushe suka sake yin itace. A Illela da Badagishiri tassa da rabin wata sun mayar da fako gona. Wannan aiki ido na ganinsa. Kuɗin da suka ƙare ga manyan motoci da tarukan ɗakuna masu sanyi fa, wace gona za a nuna a ce ga su?

Saboda haka idan aka zo ƙauyenku da aikin gyaran ƙasa, ba rashin kunya ba ne mai gari ko liman ya tambaya a gaban jama'a: nawa aka aiko da sunanmu, nawa ya iso, sauran kuma yana hannun wa?