Kango Ma Yana da Mai Shi

Tun da wayoyi masu kyamara suka cika hannun yaranmu, wata sabuwar al'ada ta shigo Katako. Ranar da kasuwa ta yi sanyi, sai samari uku ko huɗu su haɗa kuɗin mota su nufi Bukuru, wasu har Bisichi ko Barikin Ladi, wai sun tafi ɗaukar hoton kangaye. Kafin magariba hotuna sun cika Facebook: gidan Bature da rufinsa ya zube, kududdufin kuza mai koren ruwa, tsohon inji da tsatsa ta cinye. Hotunan suna da kyau, ba ƙarya. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, wa ya ba mu izinin jin daɗin kallon asarar wani?

Kangayen kamfani dai da sauƙi. Tun da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985 harkar ta durƙushe, ba wanda zai yi kuka don an ɗauki hoton ofishin manaja. Amma ko nan akwai abin lura. Gidan Bature na dutse ne, shi ya sa ya tsaya. Barikin leburori, inda kakanninmu da yawa suka kwana, har da waɗanda aka ɗebo aikin tilas lokacin yaƙin duniya na biyu, na ƙasa da ciyawa ne, damina ta daɗe da shafe shi. To ka ga kyamara tana tuna ubangida, ta manta wanda ya ɗauki kwano a ka.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne kangayen rikici. Wata dattijuwa a unguwar nan, cikin waɗanda suka tsira daga Kuru Karama a watan Janairun 2010, jikanta ya miƙo mata waya yana nuna mata hoton da abokinsa ya ɗauko. Saurayi ne da tabarau, ya jingina da bango baƙi ƙirin, ya ɗaga yatsu biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai nan ɗakina ne. Ga inda nake jera kwalla." Ba ta yi faɗa ba. Tuwon dare ne dai ba ta ci ba.

Yaron bai yi nufin mugunta ba, mun sani. Ya ga bango ba ƙofa, ba wanda zai yi wa sallama, sai ya ɗauka wurin ba na kowa ba ne. Nan kuskuren yake. A tarbiyyarmu ba a faɗa wa gidan mutum ba sallama, kuma wuta tana cin rufi ne, ba ta cin haƙƙin mai gida.

Wasu za su ce to a daina ɗauka mana. A'a, ba mu yarda da wannan ba. Mu da kullum ake tambayarmu yaushe muka zo, mun fi kowa bukatar shaida. Kango ba ya jira: ruwa ya ci, a kwashe bulo, a yi noma a wurin, shekara ashirin sai a ce ba a taɓa zama a nan ba. Su waye cikin 'yan shekara ashirin suka san yadda kasuwar Taminus take kafin gobarar 2002, in ba a hoto ba? Ita kanta kasuwar Katako, bayan ta ƙone a Nuwamban 2008, da yawanmu ba mu da ko hoto ɗaya na rumfar da muka gada.

Sai dai shaida daban, kallo daban. Mai shaida yakan nemi mai wurin ya tambaye shi, ya rubuta ranar da sunan garin, ya cire kansa daga hoton. Wanda bai yi haka ba, watarana zai ga hotonsa yana yawo a WhatsApp an ce jiya abin ya faru, jini ya hau, a kulle shaguna. Mun gani ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Ba namu kaɗai ne kangaye ba. Mutanen Dogo Nahawa su ma sun binne nasu a Maris ɗin 2010. Kuma ba sai mun shiga mota ba: a cikin unguwanninmu na nan Jos akwai gidajen maƙwabta Kirista da suka tashi bayan 7 ga Satumba 2001, wasu an sayar da araha, wasu har yau ciyawa ce a tsakar gidan, awakinmu na kiwo ciki. Kullum muna wuce su in za mu masallaci. A hotunan da yaranmu ke dawowa da su, har yanzu ba mu ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.