Fatalwar da ke bin bashi

Mu a Aboabo ba baƙin fim ɗin tsoro ba ne. Finafinan Kumawood da ake yi nan Kumasi sun cika mana ido da mayu da bokaye. Amma ni ba sa taɓa zuciyata, domin kullum sharrin daga nesa yake zuwa, daga wata tsohuwa a ƙauye, mai kallo kuwa ya tashi hannunsa fes. Wannan tunanin na ɗora wa tsohuwa laifi ba a allo kaɗai ya tsaya ba. A 2020 an yi wa Akua Denteh, mai shekara 90, dukan mutuwa a Kafaba bisa zargin maita.

Shi ya sa in matasan unguwa suka tambaye ni me za su kalla, nakan tura su ga finafinan da fatalwar cikinsu ke da haƙƙi a kan masu rai.

A fara da Atlantique na Mati Diop, na 2019. Leburorin gini ne a Dakar aka hana su albashin watanni, suka shiga kwalekwale za su Sifen, teku ta cinye su. Sai ga su da dare cikin jikin 'yan matan unguwa, sun zo falon mai ginin suna neman kuɗinsu. Duk wanda ya san gidan da ɗansu ya bi ta Agadas zuwa Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, ba zai kalli wannan da busasshen ido ba.

His House na 2020 ya fi shi nauyi, don a nan wanda ake bi bashi shi ne wanda kake tausayi. Bol da matarsa Rial sun tsere wa yaƙin Sudan ta Kudu sun isa Ingila, wani abu yana musu motsi cikin bango. Ashe Bol 'yar wata ya sunkuta don a bar su shiga motar gudun hijira, yarinyar kuma ta nutse a teku. Laifi ne, babu tantama. To amma wa zai rantse da abin da zai yi a bakin waccan motar, ana harbi a bayansa?

Masu zaman gidan gem kuma, ku ɗan ajiye ƙwallo ku gwada The Last of Us na 2013. Likitoci na sa ran samun rigakafin annobar da ta rusa duniya daga ƙwaƙwalwar yarinya Ellie, sai dai aikin zai kashe ta. Joel, wanda ya riƙe ta kamar 'yarsa, ya kutsa asibitin da bindiga ya ɗauko ta, daga baya ya rantse mata da ƙarya. Yatsanka ne ke danna harbin, wasan bai ba ka wata hanya ba. An daɗe ana gardama kan rai guda da ran jama'a. Ni abin da ya tsaya mini a wuya daban ne: likitocin ba su tambayi Ellie ba kafin su shirya wuƙa, Joel ma bai tambaye ta ba.